RTX 4080 Super a ɗakina na Agege, bayan wata biyar

Aikina haɗa bidiyon biki ne, na 'yan Agege da Idi-Araba har Mile 12, da dare kuma in na gama nakan buga gem. Shekara uku ina fama da RTX 3060, katin hoto na kwamfuta mai haƙuri wanda wat 170 ya ishe shi. Da kuɗin bikin ƙarshen shekara suka taru, na tafi Computer Village da ke Ikeja na ɗauko RTX 4080 Super tokumbo. Farkon 2024 ya fito a kan dala 999, yana da ma'ajiya giga 16. Abin da na biya a naira kuwa, ko Hajiyarmu ban gaya wa ba.

Katin kansa ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Bidiyon walimar da nakan bari yana fita in tafi sallar la'asar in dawo in tarar bai gama ba, yanzu kafin in sha shayi ya kammala. Gem ɗin Cyberpunk 2077 na kunna masa hasken nan da ke bin kowane gilashi da kududdufi, na haɗa da DLSS, fasahar da ke ƙara wa hoto sauri, hoton yana gudu sumul a allona na 1440p. Gaskiya allon ma ya yi masa kaɗan, 4K ne sa'ansa. Mai buga FC kawai ko Warzone a 1080p, kada ya wahalar da aljihunsa, 4070 Super mai cin wat 220 ya ishe shi har ya yi saura. Girman kuma a auna kes, wato akwatin kwamfutar, tukuna. Nawa sai da na cire kejin had-dis kafin ya shiga, na kuma tokare shi da ɗan ƙarfe don kada nauyinsa ya lanƙwasa ramin da ke kan bod.

A daren farko, ina tsakiyar wasa, kwamfuta ta mutu ɗif. Na ɗaga kai, fanka na juyawa, kwan fitila na ci. Na sake kunnawa, minti goma ta sake mutuwa. Kwana uku ina zargin wanda ya sayar min, har na ɗauki katin na koma titin Otigba na Computer Village da shirin rigima. Wani dattijon mai gyara, mutumin Kano, ya ce in kawo kwamfutar duka. Ya buɗe, ya leƙa fawa-fak ɗin, akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, ya yi dariya.

"Ɗana, wa ya sayar maka da wannan?"

"Baba, ai 650 aka rubuta a jiki."

"Rubutu ai ba ya ɗaukar kaya. Ɗaga ka ji."

Na ɗaga, kamar gwangwanin madara. Ba suna, ba tambarin 80 Plus, shaidar rashin ɓarnar wuta. Ya zauna ya yi min lissafi: katin shi kaɗai wat 320 yake ja, Nvidia, kamfanin katin, kuwa fawa-fak mai wat 750 ta ce a nema. Ban da haka irin waɗannan katunan sukan fizgi wuta ta ɗan ƙiftawar ido fiye da abin da aka rubuta, sai fawa-fak maras ƙarfi ya tsorata ya kashe kansa. Shi ya sa aka fito da tsarin ATX 3.0, wanda aka gina don ya jure wannan fizga. Na sayi mai 850, mai tambarin 80 Plus Gold, mai wayarsa ta fil 16 kai tsaye, na huta da adaftar nan mai kai uku. Baba ya sa na danna wayar da hannuna har ta yi ƙas, ya ce kada in lanƙwasa ta dab da bakin. Labarin filogin katin RTX 4090 da suka narke a 2022, yawanci an danganta shi da rashin shigar wayar har ƙarshe. Tun ranar kwamfutar ba ta sake mutuwa ba.

Sai dai a Legas fawa-fak rabin magana ne. UPS ɗina, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, mai 650VA, wanda ainihin abin da yake ɗauka bai kai wat 400 ba, da an ɗauke wuta ina cikin gem sai ya yi kuka ɗaya ya bi ta. Kwamfutar da allo suna jan wajen wat 500 daga bango in wasa ya yi zafi. Ƙaramin janareton gidanmu kuwa da na jona ta sai muryarsa ta canza, Yaya ya leƙo ya ce in zaɓa, ko gem ko firijin Hajiya. Dole na ƙara kuɗi na sayi inbata mai ba da tsaftatacciyar wuta irin ta layi, domin fawa-fak na zamani ba sa jituwa da inbata mai araha, sai ka ji suna ƙugi. Layinmu kuma Band A ne, rukunin da ya fi samun wuta ya kuma fi tsada, a Afrilun 2024 yunit ɗaya ya haura naira 200. Awa huɗu na wasa yunit biyu ke nan. A dare ɗaya ba ka ji, a ƙarshen wata mita ce ke gaya maka.

Wata dabara da ta taimake ni: a manhajar MSI Afterburner na rage wa katin iyakar wuta zuwa kashi 80. Idona bai ga bambanci a wasa ba, amma fankokin sun yi shiru, ɗakin kuma ya daina zama gidan burodi a watan Maris. Wani abokina yana ta zuga ni da 5090 da ya fito a 2025, mai cin wat 575, wanda ake nema wa fawa-fak na 1000. Na ce masa ya fara sayo min fanel ɗin sola shida tukuna, sannan mu je Ikeja tare.