Hattara da mai sayar da STM32 na jabu a WhatsApp

Jama'a, musamman masu haɗa bod ɗin inbata da ɗalibai masu aikin kammala karatu, ku yi hattara. Akwai wani mai talla a zaurukan WhatsApp da ke cewa yana da STM32F103C8T6 (C8 a taƙaice), ƙananan cif ɗin da ake ɗora wa firogiram su sarrafa bod, sababbi fil, ba a taɓa ɗora musu komai ba, kuma da araha. Ni ya ci kuɗina, guda 20 na saya.

Kuskurena shi ne sai da na liƙa 10 da dalma a kan bod, kowanne ƙafa 48, kafin na gwada ko ɗaya. Na jona ST-Link, na'urar da ke haɗa cif da kwamfuta, ta wayoyi huɗun nan, SWDIO da SWCLK da GND da 3.3V. Manhajar STM32CubeProgrammer ta ga cif ɗin, amma sai ta nuno lambar shaida 0x412 da ma'adana 32KB. C8 na gaske kuwa 0x410 yake nunawa, da 64KB. Ashe ƙaninsa C6 aka goge wa baya aka sake buga suna. Firogiram ɗina ya haura 40KB, ina zai shiga? Da na ɗiga asiton, sinadarin cire fenti, a auduga na goga bayan ɗaya, baƙin fenti ya biyo audugar, rubutun ya dusashe a gabana.

Uku daga cikin sauran ma ba na kamfanin ST mai ƙera na asali ba ne. Manhajar OpenOCD ta karanto lamba 0x2ba01477 maimakon 0x1ba01477, alamar kwaikwayo irin su CKS32. Waɗannan suna aiki, ni ma ina saye idan an faɗa min gaskiyar sunansu. Abin da ya ƙona min rai shi ne a liƙa musu sunan wani a karɓi kuɗin na asali.

Na kira mai tallar. Ya ce, "Malam, kai ka ƙona su da wuta, kayan da aka liƙa ba a dawo da su." Washegari ya toshe lambata. Har yanzu tallarsa na yawo.

Don Allah kada ku tura kuɗin jumla. Ku karɓi ɗaya tukuna, ku liƙa shi a bod ɗin gwaji, ku karanta lambarsa, sannan ku cika ma'adanar har 64KB ku sake karantowa ku ga ko ya riƙe. Idan mai kaya ya ƙi sayar da ɗaya na gwaji, ku bar masa abinsa.

Ni yanzu ina cire goman nan da iska mai zafi ɗaya bayan ɗaya, bod biyu har layin tagullarsu ya ɗago, ga mai aikin yana jirana ranar Asabar.