Wata uku ina buɗe tsofaffin littattafan Turai a e-codices

Malaminmu na darasin sadarwa ne ya fara ambata mana maganar Marshall McLuhan, ɗan ƙasar Kanada, wanda ya ce a 1964 abin da ke ɗauke da saƙo shi ma saƙo ne. Na haddace don jarrabawa, amma ba ta shige ni ba sai da na fara amfani da e-codices, shafin intanet na tsofaffin littattafan rubutun hannu da Jami'ar Fribourg ta ƙasar Suwizalan ta buɗe a 2005. Kyauta ne, ba a neman rajista, kuma ana ɗora hoton littafi tun daga bango har bango.

Abin da ya fi kama ni shi ne littattafan gidan 'yan zuhudu na St. Gallen, wani gari a Suwizalan. Na buɗe guntayen waƙoƙin Virgil, mawaƙin tsohuwar Roma, waɗanda aka kwafa wajajen ƙarni na 5, a kundi mai lamba 1394. Haruffa ne manya a jere, babu tazara tsakanin kalma da kalma, ido ba ya samun wurin hutawa. Daga nan na koma Linjilar da marubutan Ailan suka kwafa a ƙarni na 8, mai lamba 51, sai ga kalmomi sun rarrabu. A nan na gane hujjar Paul Saenger, masanin tarihin karatu, wanda ya ce wannan 'yar tazarar ce ta sauƙaƙa wa Turawa karatu a zuci, bayan sun daɗe suna karatu da murya. Masana tarihi da yawa yanzu ba abin da aka rubuta kaɗai suke tambaya ba, har da yadda shafin ya sa a karanta shi.

Hotunan suna da kyau ƙwarai. Idan ka faɗaɗa, za ka ga ramukan gashi a jikin fatar dabbar da aka yi rubutun a kanta, da inda aka ɗinke yagewa. A littafin nahawun Latin mai lamba 904, na ƙarni na 9, marubutan Ailan sun cika tsakanin layuka da fassara cikin harshensu, wani ma ya koka a gefen shafi cewa tawadarsa ba ta da kyau. Nan take na tuna littattafan kakana na zaure, masu ajami a ƙarƙashin Larabci.

Sai dai hotunan suna cin data, kuma a waya ƙaramin littafi da babba duk girmansu ɗaya. Sai na duba ma'aunin da aka rubuta kafin na san wanda ake riƙewa a hannu da wanda sai an aza a kan tebur. Wanda zai gwada, ya nemi kwamfuta, ya fara da lamba 904.