OpenDaylight a gwaji: abin da na gani bayan haɗa shi da Mininet

Manufar tsarin da OpenDaylight ya ginu a kai ita ce a raba tunani da aiki a hanyar sadarwa: na'urorin suwic, masu haɗa kwamfutoci da juna, su tsaya ga tura fakitin bayanai kawai, shawarar inda kowane fakiti zai bi kuma ta koma hannun manhaja guda ta tsakiya, wadda ke aika musu dokoki ta yarjejeniyar OpenFlow. OpenDaylight shi ne ke yin aikin wannan manhaja ta tsakiya. An ƙaddamar da shi a 2013 a ƙarƙashin Linux Foundation, kuma fitowarsa ta farko, mai suna Hydrogen, ta zo a 2014. Na gwada shi ne a kwamfutata tare da Mininet, wadda ke ƙirƙirar suwic da kwamfutocin kwaikwayo ta amfani da Open vSwitch, manhajar da ke yin aikin suwic, don haka ban buƙaci ko na'ura ɗaya ta zahiri ba.

Abin da ya kamata mai sha'awa ya sani tun farko shi ne cewa OpenDaylight harsashin gini ne, ba gidan da aka gama ba. An rubuta shi da harshen kwamfuta na Java, yana gudana a cikin Apache Karaf, manhajar da ke ɗauke da sassansa, kuma idan ka kunna shi kusan babu abin da zai yi sai ka girka sassan da kake so ɗaya bayan ɗaya daga tagar umarni. Ko bayan suwic sun haɗu da shi ta kafa (wato ƙofar sadarwa) mai lamba 6653, kwamfutocin kwaikwayon ba za su yi magana da juna ba muddin ba a rubuta musu doka ba, domin a OpenFlow 1.3 fakitin da bai dace da kowace doka ba zubar da shi ake yi. Wannan halin yakan rikita sabon shiga, amma shi ne ya fi koya mini yadda tsarin yake a zahiri.

Sashen da ya fi burge ni shi ne yadda yake adana bayanai. Ana bayyana komai da YANG, harshen tsara bayanan na'urorin sadarwa, sannan a ajiye shi a rumbuna biyu: ɗaya yana riƙe abin da kake so ya kasance, ɗayan kuma abin da na'urar take ciki yanzu. Idan na tura doka ta RESTCONF, hanyar aika masa umarni kamar yadda ake yi a yanar gizo, a kafa 8181, sai in duba rumbu na biyu in ga ko suwic ya karɓa. Idan dokar tana cikin na farko amma babu ita a na biyu, na san inda zan nemi matsalar. Samun wasu yarjejeniyoyin sadarwa kamar NETCONF da BGP a dandali ɗaya ma ya sa amfaninsa bai tsaya ga OpenFlow ba.

Sai dai OpenDaylight yana da nauyi, yana kuma cin ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai. Tsohuwar fuskar zane ta DLUX ba ta cikin sababbin fitowa, don haka darussan intanet da suka dogara da ita sun zama tsoffi. Dole ka tabbatar takardar da kake karantawa ta fitowar da ka girka ce. Ɗalibin da ke son fahimtar OpenFlow kaɗai zai fi jin daɗin Ryu, wata manhajar sarrafa suwic wadda aka rubuta da harshen Python. Injiniyan da zai sarrafa na'urori na kamfanoni daban-daban kuwa, lokacin da zai kashe wajen koyon YANG ba zai tafi a banza ba.