Tsohon fim ɗin Indiya ko mai dogon zango: wanne ƙarshensa ke gamsarwa?

Malam, tunda memori ɗaya gare ka, kuma wanda ƙarshensa zai zauna maka a rai kake nema, ka cika shi da tsofaffin fina-finan Indiya, ka bar masu dogon zango.

Fara da Sholay na 1975, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarni. Tun farkon fim ɗin Amitabh Bachchan ke yawo da wani kwabo, duk abin da ya shige musu duhu shi da abokinsa Dharmendra sai ya wurga shi sama, kuma kullum shi ke ci. A faɗan ƙarshe, a bakin gada, harsashi ya kusa ƙare musu, dole ɗaya ya tsaya ya tare 'yan fashi, ɗaya ya tsere da budurwar Dharmendra da suka ƙwato daga hannunsu. Aka wurga kwabo, Amita ya ci, ya tsaya, aka harbe shi. Sai bayan ya cika abokin ya juya kwabon, ya ga ashe fuskokinsa biyu iri ɗaya ne.

A Argungu na fara ganinsa, a kaset, a zauren kawuna. Kawu mutum ne da ba ya barin a yi kallo cikin shiru, kowane akta sai ya ba shi shawara. Da aka nuno kwabon nan sai ya ajiye kofin shayinsa, ya ce, "Wallahi yaron ga da gangan ya yi." Bai ƙara magana ba har aka rubuta sunaye. Abin da ke sa ƙarshe ya yi daɗi ke nan: an ajiye maka shi a gaban ido tun farko, awa uku kana kallonsa ba ka gane ba. Ko hukuncin bos ɗin, Gabbar Singh, yana da tarihi. A asali Thakur, tsohon ɗan sandan da ya ɗauko abokan biyu su kamo masa Gabbar, shi ne ya kashe shi, hukumar tace fina-finai ta Indiya ta hana, lokacin ana cikin dokar ta-ɓaci, sai aka sake ɗauka 'yan sanda suka zo suka kama shi.

Ka haɗa da Mother India na 1957, inda Nargis ta harbe ɗan cikinta don ya sato 'yar mutane ranar aurenta. Iyayenmu mata har yau suna ba da labarinsa.

Masu dogon zango kuwa, ba laifi, suna rage dare. Amma na taɓa biyan kuɗi aka tura mini ɗaya zango bayan zango, jarumar ta ɓace daga labarin ba bayani, har yanzu ana ta jan sa.

Sai ka yi hattara da wasu masu tura fina-finai a bakin kasuwa, ko a Birnin Kebbi ko a Jega. Akwai mai sayar maka da memori an rubuta 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba, ya nuna fim ya shiga, ka je gida ya ƙi buɗewa. Akwai mai ba ka fim an yanke masa minti goma na ƙarshe, wato daidai abin da ka zo nema. Kafin ka miƙa kuɗi, sa memorin a wayarka a gabansa, ka ja kowane fim har ƙarshe. In ya ce yana sauri, karɓi abinka ka je shagon gaba.