Zuwa ga Ƙanena: Farashin Karatun MBA na Ma'aikata a Amurka da Abin da Ke Gida

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali da su Hajiya kuna cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, inda kake neman shawarata a kan digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato MBA, wanda kake son yi ba tare da ka bar aikinka na banki ba, kuma kana tambaya ko na Amurka da ake yi ta intanet ya fi na gida. Na jinkirta amsa ne domin in ba ka bayani cikakke, tunda ni ma sai da na yi kusan shekara guda ina bincike kafin na zaɓi inda nake karatu yanzu.

Abu na farko da ya ba ni mamaki a nan shi ne nisan da ke tsakanin farashi da farashi, alhali sunan digirin ɗaya ne. A nan Shikago akwai manyan makarantun kasuwanci guda biyu, Booth ta Jami'ar Shikago da Kellogg ta Jami'ar Northwestern, dukkansu suna da azuzuwan yamma da na ƙarshen mako domin ma'aikata, kuma kowace daga cikinsu kuɗinta ya haura dala dubu 100 nesa ba kusa ba. A cikin wannan jiha tamu ta Illinois kuma, Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign ta fara MBA ta intanet a shekarar 2016 tare da kamfanin Coursera a kan kimanin dala dubu 22, har ta kai ga rufe MBA ɗinta na cikin aji bayan sanarwar da ta yi a 2019 domin ta mai da hankali ga wannan. Jami'ar Boston ta biyo baya a 2020 da nata a kan dala dubu 24. Farashin nan ya ɗan ƙaru tun daga lokacin, amma tazarar tana nan. Mai biyan dala dubu 100 ba lissafi ko dabarun talla na daban yake saye ba. Yana sayen suna ne, da abokan aji, da kamfanonin da ke zuwa har makaranta neman ma'aikata. Wanda ke son sauya layin aiki gaba ɗaya yana iya samun riba a wannan ciniki, amma ga irina da ke neman ƙarin matsayi a inda yake aiki, ban ga dalilin ɗaukar bashin da zai bi ni shekara da shekaru ba.

Yawancin jami'o'i a nan ba sa faɗin kuɗin digiri a dunƙule. Suna faɗin kuɗin kiredit ɗaya ne, wato ma'aunin nauyin darasi, kai za ka ninka da adadin da ake bukata kafin kammalawa, kuma wata makarantar kiredit 36 take nema, wata kuma ta kai 60. Saboda haka makarantar da kiredit ɗinta ya fi araha tana iya fin wata tsada idan an haɗa lissafi. Bayan wannan akwai kuɗin rajista, da na na'urori, da na littattafai, waɗanda ba a cika sa su a talla ba, sannan jami'o'in gwamnatin jiha sukan bambanta farashin mazaunin jihar da na baƙo. Na zauna a teburin kicin da takarda da biro dare uku a jere, bayan yara sun yi barci, ina jera makarantu bakwai ina haɗa waɗannan kuɗaɗe ɗaya bayan ɗaya, kuma wadda na ɗauka ita ce mafi sauƙi a farko sai ta faɗo ta biyar.

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci shi ne tantancewa. A gida mun saba da hukuma ɗaya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda idan ta amince da kwas shi ke nan. A Amurka ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke wannan aiki, kuma a fannin kasuwanci wadda ta fi nauyi ita ce AACSB, da aka kafa tun 1916. Akwai kuma ACBSP, wadda ta tantance makarantu irin su Western Governors, jami'ar da ke karɓar kuɗi tsararre a kan kowane wata shida komai yawan darussan da ɗalibi ya gama. Ka riƙa duba sunan makaranta a shafin ƙungiyar da kanta, kada ka dogara da tambarin da makarantar ta liƙa. Na taɓa cike fom a shafin wata makaranta mai neman riba domin kawai in ga farashinta, kuma kafin la'asar ɗin ranar an kira ni sau uku, ana ce mini guraben sun kusa cika, in biya kafin Juma'a. Da na tambayi matar da ke magana wace ƙungiya ce ta tantance su, sai ta koma ba ni labarin rangwame. Daga nan na daina ɗaukar kiran, kuma har yau abin yana damuna idan na tuna yawan baƙi irinmu da ke faɗa wa irin wannan tarko da guminsu.

Yanzu ga abin da nake so ka fi lura da shi, domin a nan ne halina ya bambanta da naka. Arahar da ake faɗi a nan ana auna ta ne da albashin dala da kuma tallafin wurin aiki. Dokar harajin Amurka ta yarda kamfani ya biya wa ma'aikacinsa har dala 5,250 a shekara domin karatu ba tare da an cire haraji ba, kuma kamfanoni da yawa suna tsayar da tallafinsu a daidai wannan adadi. Saboda haka na shimfiɗa karatuna a kan shekara uku maimakon biyu, domin in karɓi tallafin sau uku, wato dala 15,750, sauran kuma ina biya daga albashi zango bayan zango. Sharaɗin kamfaninmu shi ne in fara biya da kuɗina, in kawo sakamako mai kyau sannan a mayar mini, kuma idan na bar aiki da wuri zan mayar da abin da na karɓa. Kai kuwa a naira ake biyan ka. Tun da aka saki farashin canji a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, digirin dala dubu 25 ya zama sama da naira miliyan 37 a canjin wancan lokacin, ba tare da wani kamfani ya ɗauke maka kaso ba. Abin da ake kira mai araha a Shikago kuɗin sayen gida ne sukutum a Kano.

Ka kuma sani cewa karatun intanet ba ya ba da bizar ɗalibi, haka ma karatun yamma na ma'aikata, domin bizar ɗalibi tana bukatar karatun cikakken lokaci. Idan a zuciyarka akwai niyyar fitowa waje ta wannan hanya, to ba ita ce ƙofar ba. Za a kuma nemi jami'arka ta aika da cikakken sakamakonka kai tsaye, wani lokaci ta hannun masu tantance takardu irin su WES. Nawa sai da ya yi wata huɗu kafin ya iso, har na rasa zangon farko.

Game da lokaci, ina kashe tsakanin awa goma zuwa goma sha biyar a mako. Nakan tashi bayan sallar asuba in yi karatu awa ɗaya kafin in kama hanyar ofis, ranar Asabar kuma ta aikin rukuni ce, inda mu biyar muke haɗuwa ta bidiyo daga garuruwa daban-daban. Tsakanin Shikago da Kano akwai awa shida da bazara, bakwai da hunturu, don haka taron ƙarfe bakwai na yamma a nan ƙarfe ɗaya ko biyun dare ne a wurinka, ga batun wutar lantarki da data, ga banki yana jiran ka da safe.

Da na dubi abin da ke gida da idon wanda ya ga na waje, sai na ga ba mu rasa zaɓi ba. Jami'ar Bayero tana da Makarantar Kasuwanci ta Dangote a nan kusa da kai, Jami'ar Ahmadu Bello tana gudanar da MBA ta cibiyarta ta karatu daga nesa, ga Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ƙasa, ga kuma Makarantar Kasuwanci ta Legas wadda ita ma AACSB ta tantance, ko da yake kuɗinta ya fi na sauran nauyi. Na waje ya fi mu tsari: jadawali ba ya motsi, sakamako yana fitowa cikin kwanaki, ɗakin karatu yana cikin wayarka. Amma misalan da ake koya mana na kasuwar Amurka ne, da dokokinta da harajinta, kuma abokan ajina ba za su taɓa kawo wa bankinka ajiya ba. Kai kuwa a ajin Kano za ka zauna da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da ma'aikatan wasu bankuna, mutanen da za ka ci gaba da hulɗa da su har ka yi ritaya.

Shawarata ita ce ka fara zuwa sashen kula da ma'aikata na bankinku, ka tambaye su a rubuce wace takarda suke la'akari da ita wajen ƙarin girma, da kuma ko suna biyan wani kaso na kuɗin karatu. Bayan haka ka je Bayero da kanka ka karɓo jadawalin lacca da cikakken kuɗin zango, ka nemi mutum biyu da suka kammala kwanan nan ka ji shekara nawa ya ɗauke su a zahiri. Ka turo mini abin da ka samu, mu zauna a waya ranar Lahadi bayan azahar ɗinku mu yi lissafin tare. A gaishe mini da Hajiya da yara.

Yayanka.