Sharhina kan injin fasa baƙin walnot

Jama'a ku da kuke Amurka, musamman wajen Misuri, Ohayo da Indiyana, in an shiga Oktoba za ku ga wasu korayen 'ya'yan itace dunƙule-dunƙule suna zuba a gefen titi da bayan gidaje, mota na takawa, kurege na ta jida. To baƙin walnot ne, kuma wlh abinci ne mai tsada muke wucewa a ƙasa. A garin Stockton na Misuri akwai kamfanin Hammons da tun 1946 yake sayen wanda mutane suka tsinto a daji.

Na sayi injin fasa shi na hannu, irin na ƙarfe zalla mai dogon mariƙi wanda ake ɗaurewa a kan katako, kuma gsky kuɗina bai tafi a banza ba. Ƙwallon nan taurinsa kamar na goruba, ɗan abin fasawa na kicin ba ya ko gezau da shi, guduma kuwa sai ta dagargaza ƙwayar ta haɗe da ɓawo ka yi ta tsince-tsince. Shi wannan kana ɗora ƙwallon a tsaye ka danna mariƙin a hankali sai ka ji ƙas, ka ɗan juya shi ka ƙara dannawa, ƙwayar ta fito manya-manya a yatsunka. Ko yarana suna iya danna shi, sai dai ina sa su rufe da tsumma saboda ɓawon yana tsalle kuma yana da kaifi.

Amma fa injin fasawa kawai yake yi, sauran aikin naka ne. Koren ɓawon waje sai ka cire shi tun bai yi baƙi ya ruɓe ba, ni da takalmi nake murje shi a kan siminti, kuma don Allah a sa safar hannu ta roba mai kauri domin ruwansa yana rina fata, sabulu ba ya fitarwa. Tsutsar da za ka gani cikin ɓawon kar ta dame ka, ba ta shiga ƙwayar. Sai wanki a bokiti, duk wanda ya taso saman ruwa a zubar, yawanci fanko ne. Ruwan wankin kar a zuba shi kusa da tumatir, akwai wani sinadari juglon a ciki da yake kashe shi. Sannan a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa sati 2 zuwa 3, inda kurege ba zai kai ba.

Abin da bai min ba shi ne nauyin injin, kuma ɗaya-ɗaya yake fasawa, bokiti guda sai ya cinye maka yamma sannan ƙwayar da za ka samu ba ta da yawa. Ɗanɗanonsa ma ya fi na walnot ɗin kanti ƙarfi sosai, wani ba zai so shi a karon farko ba. Mu dai a kek da kunun gyaɗa muke barbaɗa shi, kuma duk mai bishiyar nan kusa da gidansa ina ba shi shawara ya sayi injin.