Sabar Dell R730 ta hannu: yadda na samu BIOS ɗinta

Duk wanda ya sayi sabar (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) ta hannu, ya gaji saitin wani ne. Dell PowerEdge R730 da muka saya wa ɗakin kwamfutocin makarantarmu a kulle ta zo. Ana danna F2 don shiga BIOS, wato shafin saitin injin na tushe, sai ta nemi kalmar sirri, dillalin da ya sayar mana kuwa ya ce shi ma haka ya karɓe ta.

A nan na fara ganin ƙimar wannan inji. Murfinsa ba ya buƙatar sukudireba, maɗauri ɗaya ake ɗagawa, kuma an manna taswirar babban allon kayan cikinsa (motherboard) a cikin murfin. A kan allon akwai 'yan huluna biyu na roba da ke haɗa filoli, kowace da aikinta. Mai suna PWRD_EN ita ke cire kalmar sirri, NVRAM_CLR kuma ita ke mayar da saiti yadda ya fito daga kamfani. Mutane kan ɗauka ta biyun ta isa komai, alhali ba ta taɓa kalmar sirri. A zare wayar wuta, a matsar da hular PWRD_EN, a kunna, a sake kashewa, a mayar da ita mazauninta. Shi ke nan.

Sai dai a yi hattara da NVRAM_CLR. Wannan samfurin ya fito ne a 2014, kuma saitinsa na asali shi ne tashi ta tsohuwar hanyar BIOS, ba sabuwar hanyar da ake kira UEFI ba. Idan an ɗora babbar manhajar injin, kamar Windows Server ko Proxmox, ta UEFI, da zarar an goge saitin sai injin ya ce bai ga abin tashi ba. Nan hankalin mutum ke tashi, ya zaci bayanai sun salwanta, alhali suna nan daram, domin tsarin RAID, wato yadda aka haɗa faya-fayan ajiya, a kan faya-fayan da katin PERC mai kula da su yake. Komawa F2 a canza "Boot Mode" zuwa UEFI ya wadatar. Ni dai kafin in taɓa komai sai na ɗauki hoton kowane shafi da waya, ko in fitar da saitin gaba ɗaya cikin fayil na XML ta iDRAC, na'urar da ke ba da damar kula da injin daga nesa.

Abin da ya fi burge ni kuwa yana ƙarƙashin "System Security". Akwai saitin da ke faɗa wa injin abin da zai yi idan an dawo da wuta: ya kunna kansa, ya zauna a kashe, ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke. Har da jinkirin da za ka zaɓa da kanka, daga daƙiƙa 60 zuwa 240. Ga mu da ke juyawa tsakanin wutar NEPA da janareto, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na sa masa jinkiri mafi tsawo, don wutar ta daidaita kafin ya farka, ko da mai gadi ne kaɗai a wurin. Na kuma bar shi a kan tsarin tsimin wuta na "Performance Per Watt", inbata ta fi daɗewa, fankokin ma ba sa cika ihu.

Tashinsa yana ɗaukar mintuna, saboda yana duba ƙwaƙwalwa tare da ƙirga kayan cikinsa a kowane kunnawa, kuma kusan duk canji a BIOS sai an sake kunnawa. Ana iya kashe wannan ƙirgar a saitin Lifecycle Controller, manhajar Dell da ke cikin injin, amma mai gaggawa zai ƙosa.

Zan sake saye? Ƙwarai. Amma kafin ka biya kuɗi, sa mai kaya ya shiga F2 a gabanka. Duba lasisin iDRAC8 ɗin, domin sai Enterprise ke ba ka damar ganin allon BIOS daga nesa, Express ba ya yi. Canza sunan shiga "root" da kalmar sirri "calvin" da iDRAC yake zuwa da su tun ranar farko. Sannan ka sa sabon batirin CR2032, tunda injin da ya shekara goma idan batirinsa ya mutu, agogonsa rikicewa yake yi duk sanda wuta ta yanke.